Yadda Ake Sayen Keken Hawan Dutse Na Hannu Mai Shok Gaba Da Baya, Da Yadda Ake Zaɓar Masa Shok Ɗin Baya

Keken hawan dutse mai shokozoba gaba da baya yana da tsada idan sabo ne, shi ya sa yawancinmu na hannu muke saye, ko daga dillalan da ke shigo da kekunan Beljiyam, ko daga hannun wanda ya gaji da nasa ya sa a Jiji ko Facebook. Na sayi irin waɗannan kekuna na kuma raka abokai sayensu sau da dama, kuma abin da na lura da shi shi ne mai saye yakan tsaya kallon fenti da ƙirga giya, alhali kuɗin da zai kashe nan gaba yana ɓoye ne a tsakiyar keken, wato a gaɓoɓin firam da kuma shok ɗin baya. Taya da cen da birki duk ana samun madadinsu. Shok ɗin baya kuwa, idan ya mutu kuma ba a samu wanda ya yi daidai da ramin da aka yi masa ba, keken ya zama kayan ajiya.

Kayan da za ka riƙe

Ka tafi da saitin alanki daga milimita 2 zuwa 8, da tocila mai haske sosai, da farin ƙyalle mai tsabta, da rula ko tef mai nuna milimita. Idan kana da ma'aunin kauri mai baki biyu irin na masu juya ƙarfe, ya fi rula wajen auna noti da faɗin kunnuwan firam. Ka sa kwabo ɗaya a aljihu don ƙwanƙwasa firam idan na kabon ne, kuma ka tabbata wayarka tana da caji da data, domin za ka buƙaci ɗaukar hoto da duba bayanan kamfani a intanet kana tsaye a gaban keken.

Abu mafi muhimmanci shi ne famfon shok. Ɗan ƙaramin famfo ne mai agogo da ke kaiwa psi 300 ko fiye (psi ma'aunin matsin iska ne), kuma yana zuba iska kaɗan-kaɗan. Famfon taya ba ya wannan aiki, injin mai faci ma ba ya yi, saboda shok yana buƙatar matsin da ya ninka na tayar mota sau biyar ko shida a cikin gwangwanin da bai kai girman kofin shayi ba. Idan ba ka da shi ka ara, idan kuma babu inda za ka ara, ka sa kuɗinsa cikin lissafin sayen keken tun daga farko, domin ba za ka iya riƙe keke mai shok na iska ba tare da shi ba. Ma'aunin miƙewar cen ma yana da amfani, amma rula tana iya maye gurbinsa kamar yadda zan nuna.

1. Ka san irin keken da kake nema kafin ka fita

Ana rarraba waɗannan kekuna ne bisa nisan da wilin baya yake iya motsawa sama idan ya ci karo da dutse. Na tseren dogon zango suna da milimita 100 zuwa 120, na yawon daji da tuddai 120 zuwa 150, na gangara mai tsanani 160 zuwa 180, sai na gangarowa zalla masu kusan 200, waɗanda ba a hawa tudu da su. Ga wanda zai bi hanyoyin ƙafa tsakanin duwatsun Jos ko tuddan da ke kewaye da Abuja, milimita 120 zuwa 150 ya wadatar, kuma nan ne nake ba mai farawa shawarar ya tsaya.

Akwai tarkon da ya kamata a gane tun a nan. Kasuwa cike take da kekunan da aka yi wa siffar na hawan dutse, da jan sifirin a tsakiya, amma babu mai a cikin shok ɗin, sifirin ne kawai a kan sandar ƙarfe. Idan ka danna sirdi ka saki, sai ya yi tsalle ya dawo da ƙara. Nauyinsu yakan kai kilo 18 ko fiye, yayin da keken kirki yake tsakanin 13 zuwa 16. Idan kuɗinka irin wannan kawai zai iya saye, gara ka sayi keke mai shok a gaba kaɗai daga kamfani nagari.

Ka duba girman wili a jikin taya, ka karanta lambar milimita: 559 shi ne inci 26, 584 shi ne 27.5, 622 kuma shi ne 29. Tayar tsohon kekenmu na gida irin Raleigh da Phoenix, wadda ake kira inci 28, lambarta 635 ce, don haka ba ta hawa wilin 29 ko da mai shago ya rantse maka cewa ɗaya ne. Girman firam kuma ka gwada shi da jadawalin kamfanin bisa tsayinka, kada arha ta sa ka sayi wanda ya yi maka girma.

2. Ka tabbatar da asalin keken

Ka kifa keken ka duba lambar firam, wadda galibi take ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Idan an goge ta ko an shafe ta da sabon fenti, ka bar cinikin. Ka ɗauki hotonta, ka nemi sunan keken da shekararsa a shafin kamfanin, domin daga nan ne za ka san awon shok ɗin da aka ƙera firam ɗin dominsa. Keken da ya fito daga Turai ko Amurka ana iya duba lambarsa a Bike Index ko BikeRegister don ganin ko an kai rahoton satarsa. Idan ciniki ya faɗa, a rubuta rasit mai ɗauke da wannan lamba a gaban shaida.

3. Duba firam

Ka nemi a wanke keken, ko ka share shi da kanka, domin laka tana rufe tsaga. Ka bi kowace walda da tocila a hankali: wuyan keke inda fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, ke shiga, kunnuwan da shok ke ɗaure a kai, kewayen babbar gaɓa, da sandunan baya kusa da wili, musamman ɓangaren birki. Tsaga a alminiyam takan fito kamar silin gashi baƙi a gefen walda. Idan ka ga layi kana shakka ko fenti ne kawai ya fashe, ka bi shi da farce, sannan ka sa mai keken ya danna sirdi kana kallo, domin tsaga ta gaskiya tana buɗe baki kaɗan idan nauyi ya hau.

Kada ka yarda da maganar cewa mai walda zai gyara. Alminiyam ɗin da ake yin waɗannan firam da shi sai an gasa shi a wani zafi na musamman bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo, kuma waldar bakin titi ba ta yin wannan, sai wurin ya sake tsagewa a gefen gyaran, sau da yawa a lokacin da ake cikin gangara. Firam ɗin kabon kuma ka ƙwanƙwasa shi da kwabo a hankali. Wuri mai lafiya yana ba da sauti tsantsa, wurin da ya rabu daga ciki kuma sautinsa a dushe yake. Ka ɗaga robar kariya da ke ƙarƙashin babbar sanda ka leƙa, kuma ka yi zargin duk sitikar da aka manna a inda kamfani ba ya manna sitika.

4. Gaɓoɓi da boris

Ka tsaya a gefen keken, wilin baya yana ƙasa, ka kama sirdi ka ɗaga shi kaɗan ka sauke, ba tare da taya ta bar ƙasa ba. Idan ka ji ɗan ƙwas, akwai wasa a wani wuri, kuma yawanci bushin ɗin idon shok ne, wato zoben da ke cikin ramin da noti ke ratsawa, wanda gyaransa ba shi da tsada. Daga nan ka riƙe sandar sirdi da hannu ɗaya, ka tura wilin baya hagu da dama da ɗayan. Ka ɗora yatsa a kan kowace gaɓa bi da bi yayin da wani ke girgiza wilin, domin yatsa yana jin motsin da ido ba ya gani, kuma ta haka za ka bambance wasan hob da wasan firam.

Idan mai keken ya amince, ka kwance noti ɗaya na shok, ka ɗaga bayan firam ɗin sama da ƙasa da hannu. Ya kamata ya tafi sumul. Idan yana cijewa ko kana jin kamar akwai yashi a ciki, boris ya ƙare. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, domin galibin boris ɗin gaɓoɓi na gama-gari ne masu lamba a jikin robarsu, kamar 6902 ko 6802 ko 608, kuma masu sayar da boris na babur da janareta sukan same su. Kamfanonin keke suna sa nau'in da aka cika da ƙwallaye ba tare da keji ba, wanda ya fi jure nauyi, amma na kasuwa ma zai yi aiki, sai dai zai riga shi mutuwa. Abin da zai sa ka juya baya shi ne ramin boris ɗin kansa ya buɗe har boris yana yawo a cikin firam, ko kuwa notin gaɓa ya lalace, domin waɗannan notuna kowane kamfani da nasa, ba a samunsu a kasuwa.

5. Fok, birki da giya

A fok, ka share sandunan nan biyu masu sheƙi ka bi su da farce. Karcewar da farce ke kamawa za ta yanka sil ta riƙa zubar da mai. Ka matse birkin gaba, ka tura keken gaba da baya don jin ko akwai wasa a wuya ko a cikin fok. Birki ya kama da ƙarfi ba tare da hannun ya taɓa kan keke ba. Ka lura da irin man da yake sha, domin birkin Shimano da Magura man ma'adini suke sha, yawancin tsofaffin na SRAM kuma man DOT irin na mota, kuma zuba ɗaya a madadin ɗaya yana kumbura robobin ciki. Faifan birkin Shimano idan kaurinsa ya sauka zuwa milimita 1.5 ya ƙare.

Cen kuwa, ka auna mahaɗai 12 cikakku da rula, kowane cikakke ya haɗa na ciki da na waje. Sabo inci 12 ne cif. Idan ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, lokacin canji ya yi, idan kuma ya kai kashi ɗaya cikin takwas, to ya riga ya cinye haƙoran giya, sai ka lissafa kuɗin duka ka rage daga farashi.

6. Gwajin shok ɗin da ke kan keken

A nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina. Shok abu biyu ne a jiki ɗaya: sifirin da ke ɗaukar nauyi, na iska ko na ƙarfe, da kuma sashen mai wanda ke hana sifirin ɗin yin tsalle. Mai saye yakan danna sirdi ya ji laushi ya gamsu, alhali laushin sifirin ne kawai ya ji, bai gwada sashen mai ba.

Da farko ka share sandar shok da farin ƙyalle. Ɗan danshin mai ba laifi ba ne, amma baƙar laka mai maiƙo da ta taru a bakin sil alama ce ta yoyo. Ka juya keken ka duba ƙasan sandar da tocila, domin nan ne launin yake fara goguwa har farin ƙarfe ya bayyana, kuma sandar da ta kai haka sai dai canji. Sannan ka nemi jan maɓallin da ke sarrafa saurin dawowa. Ka juya shi har ƙarshe ɓangaren jinkiri, kana ƙirga ƙarar kowane taki don ka mayar da shi yadda ka same shi, ka danna sirdi da ƙarfi ka saki. Dole ne ya taso a hankali yadda ido zai gani. Ka juya shi ɗaya ɓangaren, ya taso da sauri. Idan babu bambanci tsakanin biyun, sashen mai ya mutu. Shuɗin hannun da ke taurara shok don hawa tudu ma a gwada shi haka nan.

Ka kasa kunne yayin dannawa. Ɗan huci na al'ada ne, amma ƙara irin ta tsotsar ruwa a ƙasan kofi tana nufin iska ta gauraya da mai. Ka ɗaura famfo ka ga matsin da ke ciki, ka ƙara iska, ka ci gaba da duba sauran keken na rabin awa, sannan ka sake aunawa. Ka sani cewa duk lokacin da aka ɗaura famfo, agogo yana nuna ƙasa da abin da aka bari da ɗan kaɗan saboda iskar da ta cika tiyon famfon, don haka faɗuwa mai yawa ce abin damuwa.

Gargaɗi guda ba na wasa da shi. Idan ka ga shok ya shige ciki ya ƙi miƙewa ko da an ba shi iska, to iska ta maƙale a ɗakin ciki, kuma kwance gwangwanin a wannan hali yana iya harba shi da ƙarfin da zai ji wa mutum rauni. Sashen mai ma cike yake da matsi. Kada ka buɗe shi, kuma kada ka miƙa shi ga makanikin da bai taɓa buɗe irinsa ba.

Ka tambayi lokacin da aka yi masa sabis na ƙarshe. Kamfanin shok na Fox yana cewa a yi cikakken sabis bayan awa 125 na hawa ko sau ɗaya a shekara. RockShox kuma, a samfuran Deluxe da Super Deluxe, yana cewa a gyara gwangwanin iska bayan awa 50, sashen mai bayan awa 200. Keken da ya yi wata da watanni a kwantena da shagon dillali, ka ɗauka kawai ba a yi masa ba.

7. Ka gane ko shok ɗin na kowa ne ko na keken nan kaɗai

Wasu kamfanoni sun yi kekuna da shok na musamman wanda wani ba ya shiga gurbinsa. Tsofaffin Specialized Epic suna da tsarin Brain mai tiyo da ke zuwa kusa da wilin baya, kuma wasu tsofaffin Stumpjumper da Enduro ƙasan shok ɗinsu ba ido ne da shi ba, ɗaure shi ake yi kai tsaye a kan wani ƙarfe mai rassa biyu. Tsofaffin Cannondale Jekyll da Trigger masu shok ɗin Dyad, da Scott Genius mai Equalizer, shok ɗinsu ja yake yi maimakon dannuwa. Trek ma ya daɗe yana sa shok ɗin DRCV mai nasa awon. Kekuna ne masu kyau, amma a wurin da babu wakilin kamfani kusa, ni ba na ba kowa shawarar ya saye su sai idan shok ɗin yana da cikakkiyar lafiya kuma farashin ya sauka sosai.

Na taɓa raka wani ƙanena sayen irin wannan keke a hannun wani dillali. Fenti kamar sabo, giya tana shiga ba gardama, kuma a lokacin ban tsaya na duba yadda aka ɗaure shok ɗin ba. Bayan wata biyu ya fara zubar da mai, muka nemi madadi muka rasa, keken ya shafe damina guda jingine a zaure ƙura na taruwa a kan sirdi. Tun daga ranar, shok nake fara dubawa kafin in tambayi farashi.

8. Awon sabon shok

Idan firam lafiyayye ne amma shok ya gaji, ko kana so ka canza, lambobi biyu ne ginshiƙi. Na farko tsawo daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, na biyu nisan da sandar ke shigewa ciki. Idan aka rubuta 210x55, tsawon milimita 210 ne, shigewar kuma 55.

A 2016 kamfanonin shok suka fito da sabon tsarin awo na milimita, don haka yanzu iyali biyu ne a kasuwa. Tsohon tsarin inci yana da 165x38, 190x51, 200x51, 200x57, 216x63, 222x70 da 241x76. Sabon tsarin yana da tsawo 190, 210, 230 da 250, kowanne da shigewa iri huɗu da ke bambanta da milimita 2.5, misali 210 yana zuwa da 47.5, 50, 52.5 ko 55. Akwai kuma mai ɗaurin gefe da ake kira tiraniyan, wanda notuna biyu ke shiga kafaɗunsa hagu da dama maimakon ido na sama, kuma tsawonsa 165, 185, 205 ko 225 ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba tsawo kaɗai. Shok 190x51 zai shiga ramin 190x45 ba tare da wata matsala ba, amma yana shigewa milimita 6 fiye da yadda aka tsara. Wilin baya yana motsawa ne kusan ninki biyu da rabi zuwa uku na motsin shok, misali keke mai 150 a kan shok mai shigewa 55 ninkinsa 2.7 ne, saboda haka waɗannan milimita 6 sun zama kusan 16 a wili, kuma hakan ya isa taya ta daki sandar sirdi ko firam ya daki kansa a lokacin dira mai ƙarfi. Haka 200x51 da 200x57 ba a bambance su da ido, 165 na tsohon tsari kuma ba ya shiga gurbin 165 na tiraniyan.

Kada ka dogara da shok ɗin da ka tarar a kai, domin mai keken na baya yana iya sa wanda bai dace ba. Ka gwada abin da ka auna da abin da kamfanin firam ya rubuta. Wajen auna shigewa, kada ka auna sandar da ke bayyane, domin takan fi ainihin shigewar tsawo. Ka fitar da iska a hankali, ka tura zoben robar da ke kan sandar ya manne da sil, ka danna sirdi har ƙarshe, ka ɗaga, sannan ka auna nisan da zoben ya yi. Shok ɗin Fox yana da lambar shaida mai alamomi huɗu a jikinsa ko lambar siriyal, na RockShox kuma lambar siriyal, kuma shafukan kamfanonin biyu suna nuna awon idan aka shigar da su.

Sauran awon su ne faɗin kunnuwan firam da kaurin noti, waɗanda ake rubutawa kamar 22.2x8 ko 30x8. Sabon shok ba ya zuwa da ƙananan ƙarafan da ke shiga idonsa su cike wannan faɗi, daban ake sayensu, kuma na sama da na ƙasa sukan bambanta. Ramin bushin ɗin ido a shok ɗin Fox da RockShox na zamani milimita 12.7 ne, don haka sau da yawa tsofaffin ƙarafan suna komawa kan sabon idan ba su goge ba. Idan an rasa su, mai juya ƙarfe zai iya yanka maka daga alminiyam ko ƙarfe marar tsatsa, muddin ka kai masa tsohon ya auna.

9. Na iska ko na sifirin ƙarfe

Shok na iska, irin Fox Float ko RockShox Deluxe da Monarch, ya fi sauƙin nauyi, kuma da famfo kaɗai ake daidaita shi da nauyin kowane mahayi. Yana kuma ƙara tauri da kansa yayin da yake kusantar ƙarshe, shi ya sa yake dacewa da kusan kowane firam. Rauninsa sil ne, kuma ƙurar hunturu irin tamu tana cin sil da sauri, sai an riƙa share sandar bayan kowace fita.

Na sifirin ƙarfe, irin Fox DHX ko Marzocchi Bomber CR, ya fi bin ƙasa a kan tsakuwa, ba ya saurin sauya hali idan ya yi zafi, kuma babu iskar sifirin da za ta tsere ta bar ka a daji. Ya fi nauyi da kusan rabin kilo. Sai dai ba kowane firam ne ke karɓarsa ba, domin firam ɗin da aka tsara don shok na iska yana iya dukan ƙarshe da sifirin ƙarfe, kuma firam masu dogon ƙarfe mai rassa biyu a ƙasan shok suna lanƙwasa siririyar sandarsa har ta karye. Ka duba ko kamfanin firam ya amince kafin ka saya.

Ƙarfin sifirin ana rubuta shi da laba a kan inci, kamar 400, 450 ko 500. Ga lissafin kusa-kusa: mutum mai kilo 75 da kayansa laba 165 ne, kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyin yana kan wilin baya, wato laba 107. A ninka da 2.7, wato ninkin keken da na ba da misali da shi a baya, ya zama kusan 290. Nutsewar da ake so, wato yadda shok ke shigewa idan mahayi ya zauna, ita ce kashi 30 cikin ɗari na milimita 55, wato 16.5, ko inci 0.65. A raba 290 da 0.65, an sami kusan 445, sai a fara da sifirin 450. Idan sai ka ɗaure zoben sifirin ya wuce zagaye biyu ko uku kafin nutsewar ta daidaita, sifirin mai ƙarfi kake buƙata.

Ɗan tankin da ke goye a bayan wasu shok yana ƙara yawan mai don kada ya yi zafi a doguwar gangara. Idan hawanka gajerun tuddai ne, ba lallai ba ne, kuma a wasu firam yana dukan babbar sanda ko gorar ruwa. Ka kuma kula da saitin ciki na kamfani. A shok ɗin RockShox akwai haruffa L, M ko H a kan sitika masu nuna laushi ko taurin bawul ɗin ciki, kuma shok na hannu da aka cire daga wani keke an saita shi ne don wancan keken. Ka nemi mai haruffa irin na asalin naka, idan ka rasa ka ɗauki na tsakiya. A ra'ayina, ga mai farawa a inda kayan gyara ke da nisa, shok na iska mai sauƙi daga Fox ko RockShox, wanda ake samun robobin sabis ɗinsa a intanet, ya fi mai maɓallai huɗu da ba wanda zai iya gyarawa. Ka sayi fakitin sil ɗaya ko biyu tare da shi ka ajiye.

10. Ɗaurawa da daidaitawa

Ka ɗaura shok ɗin babu iska a ciki, ko babu sifirin idan na ƙarfe ne, ka danna keken a hankali har ƙarshe kana leƙa kowane gefe. Taya kada ta taɓa firam ko sirdi, gwangwani da tanki kada su taɓa komai. Ka ɗaure notuna da ƙarfin da aka rubuta a kansu, idan kuma ba ka da sufanar auna ƙarfi, ka yi amfani da gajeren alanki ka tsaya da zarar ya kama, domin da yawansu alminiyam ne kuma suna saurin tsinkewa.

Ka fara da psi daidai da nauyinka a laba, wato mai kilo 75 ya fara da kusan 165. Bayan kowane psi 50 ka danna sirdi sau goma, kusan rubu'in shigewar shok, don iska ta ratsa ɗakin ciki, in ba haka ba agogo zai yaudare ka. Kada ka wuce iyakar matsin da kamfani ya ƙayyade. Ka buɗe shuɗin hannun, ka sa takalmi da jakar da kake hawa da su, wani ya riƙe maka kan keken, ka zauna a hankali, ka tura zoben roba ya manne da sil, sannan ka sauka ba tare da girgiza ba. Nisan zoben ya zama kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na shigewa, wato milimita 14 zuwa 16.5 a shok mai 55. Idan ya wuce ka ƙara psi 10, idan bai kai ba ka rage.

Jan maɓallin ka sa shi a tsakiya, ka sauko daga gefen kwalbati mai tsayin taƙi ɗaya kana zaune a kan sirdi. Keken ya nutse, ya taso, ya tsaya. Idan ya yi lilo sau biyu, ka ƙara jinkiri taki ɗaya, idan kuma kana jin bayan yana ƙara yin ƙasa a kan duwatsu masu bin juna, ka ƙara sauri. Bayan fita ta farko ka duba zoben. Idan yana kaiwa ƙarshe a kai a kai alhali nutsewar daidai take, ba iska za ka ƙara ba, ɗan toshin roba ake sawa cikin gwangwani don rage faɗinsa. Ka rubuta matsin iskar da adadin takin jan maɓalli a wayarka, kuma ka sake gwada ƙarfin notunan shok da na gaɓoɓi bayan fita biyu ko uku na farko.